Suna Ɗaya a Jeri Biyu

Lahadi, 5 ga Yuni 2022, ƙarfe 2:40 na rana

Ina ɗakina a hawa na uku, taga a buɗe, mujallar coci tana gabana a shafi na shida. An buga kwafi 140. An ɗauki 96 da safe, na ƙirga ragowar a teburin bakin ƙofa. Ina so in rubuta abin da ya faru bi da bi, tun kaina bai fara gyara labarin don ya wanke ni ba.

A watan Janairu dattawan ikilisiyarmu ta nan Rotterdam, a Turai, suka yanke shawara cewa bana, ranar ɗaya ga Yuli, ranar Keti Koti da ake tuna soke bauta a Suriname, ba za mu tsaya ga waƙa da cin abinci kawai ba. Duk gidan da ya yarda, ya rubuta sunan danginsa a takarda ya jefa cikin gwangwanin biskit, a bincika a tsofaffin rajistocin bayi. Ranar kuma a karanta sunaye jeri biyu a gaban Allah da jama'a: kakannin da aka bautar, da kakannin da suka mallaki mutane. Gida 43 suka jefa. Ni aka ba binciken, don na gama digirin tarihi bara kuma ban samu aiki ba tukuna.

Wadda ta kawo shawarar, wadda kuma ta fara jefa takarda, ita ce Tante Orsine Kembel. Shekarunta 74. Ba goggona ba ce, kowa Tante, wato Goggo, yake ce mata. Ita ta jagoranci 'yan Suriname da suka haɗe da mu shekara tara da suka wuce, lokacin da aka sayar da ginin da suke sujada. Tun ina 'yar shekara goma sha huɗu kusa da ita nake zama, kuma duk sa'ad da wa'azi ya yi tsawo sai ta miƙo mini alawar minti ba tare da ta dube ni ba.

Jeri na farko ya fito da suna 19, na biyu 7. Ba wanda ya faɗa, amma kowa ya ɗauka na farko na baƙaƙe ne, na biyu na farare. Sai suna ɗaya ya fito a duka biyun. Afiba, baiwa a Paramaribo, babban birnin Suriname, an 'yanta ta a 1841 aka ba ta suna Dorothea Kembel. A 1848 ga ta a cikin masu mallaka, da mutum uku a ƙarƙashin sunanta. Na duba sau uku.

Na sa bayani a ƙasan shafi, layi huɗu, cewa waɗanda aka 'yanta sukan sayi danginsu kafin su iya fansarsu, kuma ban gama bincike ba. Bayanin bai fito ba. Meneer Roskam, wato Malam Roskam, wanda ya shekara 26 yana shirya mujallar, ya ce wuri ne ya ƙare.

Abin da ban yi ba: ban gaya wa Tante ba. Na rubuta a littafin ajandata, "kira Tante O.", ranar Alhamis tara ga wata. Na ɗauka ran goma sha biyu mujallar za ta fito. Na manta ta bikin Fentikos takan fito da wuri.

Bayan sujada, wajen shan gahawa, Meneer Roskam ya faɗi wata magana, kalma bakwai. Ba zan rubuta ta ba. Mutum biyu sun yi dariya. Tante ta ajiye kofinta da rabin gahawa a ciki, biskit ɗinta a gefe ba ta taɓa ba, ta ɗauki jakarta ta fita. Ni ce na wanke kofin.

Litinin, 6 ga Yuni, ƙarfe 9:15 na safe

Na aika mata saƙo ta waya: "Tante, yaushe zai yi miki daidai in zo mu yi magana?" Alama ta nuna ta karanta ƙarfe 9:17.

Talata, 7 ga Yuni, ƙarfe 6:00 na yamma

Ba amsa.

Alhamis, 9 ga Yuni, ƙarfe 8:50 na yamma

Har yanzu da sauran rana a waje. Na dawo daga taron dattawa. Fastonmu, Dominee Terpstra, ya kira ni in yi bayani, na yi a cikin minti shida, na raba musu takarda mai kwanan wata da lambar kowane shafi. Daga nan ya ce, "Renske, ɗan ba mu wuri." Na zauna a baranda kusa da rigunan ruwa minti arba'in da ɗaya. Ban ji abin da aka ce ba. Na ji an ja kujera da ƙarfi sau ɗaya, na ji muryar Meneer Roskam ta hau sama ta sauko.

Abin da aka yanke: za a rubuta wa Tante wasiƙar ban haƙuri da sa hannun dattawa duka, a ba ta ranaku uku ta zaɓi wadda ta yi mata don a zauna. Na ga wasiƙar. Ta yi kyau, ba kuskure ko ɗaya. Ranakun su ne 14, 16 da 21, kowanne ƙarfe bakwai da rabi.

A ajandata yau ce ranar "kira Tante O." Ban goge ba, ban kuma kira ba.

Asabar, 11 ga Yuni, ƙarfe 4:30 na yamma

Tun safe ina ɗakin karatu na gari, ina buɗe hotunan shafukan rajistar ɗaya bayan ɗaya. Da can fihirisa kawai na duba, wadda ke ba da suna da adadi. Yau na nemi shafin kansa. Rubutun magatakardan a kwance yake kamar iska ta buga shi, sai da na saba da yadda yake yin harafin K.

Mutum ukun su ne: Kwasiba, mace, an haife ta wajen 1788. Santje, mace, 1835. Fortuin, namiji, 1820.

A gefen sunan Santje akwai gurbin sunan uwa, an rubuta Afiba. Na tashi tsaye a cikin ɗakin karatu, har wani dattijo ya ɗago ya dube ni. Sannan na zauna, don Afiba suna ne da ake sa wa duk macen da aka haifa ran Juma'a. Na ƙirga Afiba 63 a shekarun nan kafin in daina. Takardar ba ta ce wannan Afiba ce waccan ba. Amma me zai sa mai wanki da guga irin Afiba ta sayi tsohuwa 'yar shekara sittin da yarinya 'yar goma sha uku? Ba mai sayen tsohuwa don aiki.

Ina so in san ko ta iya karatu. Ko ta ga sunan 'yarta a ƙarƙashin nata a matsayin dukiya, ko dai an karanta mata ne. Ina so in san abin da Santje take kiranta a gaban magatakarda.

Fortuin ba shi da sunan uwa. Gurbin fayau.

Lahadi, 12 ga Yuni, ƙarfe 1:10 na rana

Mutum 88 a sujada. 'Yan Suriname mu 31 ne a rajistar ikilisiya, na ce "mu" ko da yake ni ba 'yar Suriname ba ce, na kuma bar shi haka. Tara suka zo, suka zauna tare a baya, ba su tsaya gahawa ba. Wa'azi ya yi minti 27. Ba alawar minti a bakina, sai na lura ban san abin da ake yi da harshe ba a tsawon wa'azi.

Meneer Roskam ya zagaya da jakar baikon coci kamar kullum. Da ya zo layina bai dube ni ba, ni ma jakar na duba.

Talata, 14 ga Yuni, ƙarfe 8:05 na yamma

Rana ta farko cikin ukun. Dattawa biyar sun zauna da gahawa da kujera ɗaya a buɗe. An jira rabin sa'a.

Laraba, 15 ga Yuni, ƙarfe 11:20 na safe

Dominee ya kira ni ofishinsa. Mutumin kirki ne, shi ya yi mini baftisma, idanunsa sun faɗa a mako guda. Ya fara da cewa zaman lafiyar ikilisiya ya fi kowace takarda. Shawararsa biyu ce: ko a cire sunan Kembel daga jeri na biyu shiru, a ce kuskuren bugu ne, ko a bar jeri na biyu gaba ɗaya bana. Ya ce gidaje huɗu cikin shidan da suka rage sun riga sun nuna sun fi son ta biyu, saboda Tante.

Na ce ba kuskuren bugu ba ne. Na ce idan aka soke jeri na biyu saboda Tante, waɗanda za su huta ba Tante ba ce. Ya daɗe yana juya alƙalaminsa, sannan ya ce, "Kin yi gadon kakanki. Shi ma ya taɓa hana a yi jana'iza sai da aka gyara kwanan wata a allon kabari." Ban sani ba ko yabo ne.

Ya ba ni zuwa ran 26. Idan Tante ba ta dawo ba kafin nan, ba jeri na biyu. Ni kuma na san idan ba ta dawo ba, ba jeri na farko ma, don ita za ta karanta shi, kuma ba mai tsayawa a gurbinta. Shekara tara na zama benci ɗaya za su tafi a kan layi huɗu.

Alhamis, 16 ga Yuni, ƙarfe 5:45 na yamma

Na koma kan Fortuin. Da ma ban koma ba.

A ƙarshen layinsa akwai rubutu ƙanana: an sayar da shi ga wani gandun rake a bakin kogin Commewijne, watan Maris 1856. A ƙarshen layin Santje: an 'yanta ta, watan Satumba 1856. Kwasiba ta rasu a 1853, tana baiwa a takarda.

Wata shida tsakani. Na duba sau uku.

Takarda ba ta ce an sayar da wannan don a fanshi waccan ba. Ba ta ce komai ba, kwanan wata biyu ne kawai a shafi ɗaya. A jami'a an koya mana kada mu ɗaura wa abu biyu aure don kawai sun zauna kusa. Amma daga gidan wanki a birni zuwa gandun rake, na karanta isasshe na san abin da wannan tafiyar take nufi ga mutum mai shekara 36.

Yau ce rana ta biyu cikin ukun. Ban je ba.

Juma'a, 17 ga Yuni, ƙarfe 7:30 na safe

Ban yi barci sosai ba. Ranar Afiba.

Lahadi, 19 ga Yuni, ƙarfe 1:00 na rana

Mutum 81. Huɗu a baya.

Litinin, 20 ga Yuni, ƙarfe 3:20 na rana

Merlien, 'yar Tante, direbar tiram ce, jirgin ƙasa na cikin gari. Na san layinta. Na hau tun daga tsakiyar gari na zauna har tasha ta ƙarshe, inda take da hutun minti bakwai. Ta gan ni ta madubi tun tuni. Da kowa ya sauka ta buɗe ƙofar wajen tuƙi ta ce, "Farfesa, kin yi ɓatan hanya ne ko kin zo ƙirga kujeru?"

Na ce na aika wa Tante saƙo uku, dattawa sun rubuta wasiƙa, ba amsa. Na tambaya ko ba ta son ganin kowa ne. Merlien ta cire murfin kwalbar ruwanta, ta sha, ta dube ni kamar mai duban abin mamaki a bayan gilashi. Ta ce wasiƙar tana manne a jikin firij, duk wanda ya shigo sai an nuna masa. Ranaku uku a zaɓa, kamar za a ga likitan haƙori.

"Ku dai Allah ya yi ku da ajanda a hannu," in ji ta. "Mutum ya tsaya a cikin coci ya ce wa uwata kunnen doki, kamar wasan ƙwallo aka buga, sannan ku aiko mata da jadawali. Wa ya taɓa neman izini kafin ya zo ba da haƙuri? Ƙafa ake kaiwa, Farfesa. A danna ƙararrawa."

Na ce ban so in faɗo mata ba shiri. Ta yi dariya har ta dafa ƙarfe. Ta ce tun ran shida ga wata, kullum ƙarfe huɗu uwarta take ɗora tukunyar mutum shida, ko da wani zai zo daga coci. Ba wanda ya zo. Ita da mijinta ke cinye ragowar, har wandon aikinta ya daina rufuwa. Ta ce in ba don Allah ba, in taimaka ko don wandon.

Na tambaye ta ƙarfe nawa ya fi dacewa. Ta ce, "Sauka mini daga tiram."

Kwana goma sha biyar. Tukunya goma sha biyar, har da ta yau. Mu muna can muna jiran amsa cikin ladabi, muna ganin mun ba ta sarari, ita kuma tana ganin ba wanda ya ɗauke ta a bakin tafiyar minti ashirin a keke. Abin da ke ba ni mamaki, shekara tara muna shan ƙoƙo ɗaya a Jibin Ubangiji, ba wanda ya san wannan a cikinmu. Ko sun sani ba su faɗa ba?

Talata, 21 ga Yuni, ƙarfe 5:10 na yamma

Na je har ƙofar ginin. A rayuwata ban taɓa danna ƙararrawar wani ba tare da ya san ina zuwa ba, ko ta kakata. Na karanta sunayen da ke jikin allon, goma sha takwas, na ga nata. Na ji ƙanshin albasa daga wani hawa. Na gyara makullin kekena sau biyu, na hau na dawo.

Rana ta uku cikin ukun. Dominee ya ce ba sai an kunna tukunyar gahawa ba.

Laraba, 22 ga Yuni, ƙarfe 8:40 na yamma

Na danna. Ƙarfe 4:25.

Ba ta tambayi ko wane ne ba, ƙofa kawai ta buɗe. Da na hau na same ta a kicin da zane ɗaure a ƙugu. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kin rame. Wanke hannu." Ta ba ni wuƙa da rogo. Na fara jawabin da na shirya, mai sassa uku, ta ce ba a magana da wuƙa a hannu. Na fere rogo, ta karɓa ta sake ferewa, ta ce na zubar da rabin abincin a ɓawo, da ganin hannuna alƙalami kaɗai ya sani. Muka ci. Ta ƙara mini sau biyu ba ta tambaye ni ba. Wasiƙar tana jikin firij, an danne ta da maganaɗisu mai siffar aku.

Bayan mun gama na ce, "Tante, na san sunan yana nan tun watan Mayu, ban zo na gaya miki ba. Na yi laifi." Sassa biyun da suka rage sun ɓace mini. Ta ce ta ji. Ta ce ba sunan ne ya ƙona ta ba, don ta san labarin Afiba tun tana goye. Kakarta ta sha faɗa musu: mai wanki da guga wadda ta tara ta sayi uwarta da 'yarta daga hannun Bature, uwar ta mutu kafin takarda ta fito, 'yar ta samu. Santje ce kakar kakarta. Abin alfaharin gidansu ne. Abin da ya ƙona ta shi ne ta gan shi a shafi na shida tsirara, a tsakanin masu gandu, sannan ta ji abin da ta ji, sannan shiru.

Na rubuta a zuciyata: Kwasiba uwa ce, Santje 'ya ce, majiya ta baka, Tante O., 22 ga Yuni. Na ji daɗi har na kusa tashi in tafi da daɗin.

Takardar tana cikin jakata. Da na bar ta a can, ba mai sani har abada, don ba wanda zai zauna ya koyi harafin K na magatakardan nan. Na ce, "Tante, mutum uku ne." Ta ce biyu. Na ce uku. Na shimfiɗa shafin a tebur tsakanin kwanuka, na nuna mata layinsa, na karanta mata kwanan wata biyun. Na ce takardar ba ta faɗi dalili ba, na faɗa sau biyu.

Ta sa tabarau. Ba ta iya karanta rubutun ba, amma ta ɗora yatsa a kan layin ta bar shi a nan. Agogon kicin ɗinta yana gaba da minti huɗu. Na kalle shi tsawon minti tara.

"Wannan ba a ba mu labarinsa ba," in ji ta. Can kuma ta ce, "Ashe a bayan wani nake tsaye."

Ta tambayi abin da ya same shi. Na ce a 1863, shekarar da aka soke bauta, akwai wani Fortuin a gandun, shekarunsa sun yi kusa, amma sunan ya yi yawa a lokacin, ba zan iya rantsewa ba. Ta naɗe mini ragowar abinci ta ce in tafi, in dawo gobe. Na buɗe baki. Ta ce, "Kika tambaye ni ƙarfe nawa, sai na karɓe abincina."

Alhamis, 23 ga Yuni, ƙarfe 7:15 na yamma

Idanunta sun kumbura, amma ta yi kitso ta sa 'yan kunne. Ta ce in ɗauko alƙalami tunda shi na iya. Sharuɗɗanta:

Sunan Afiba ya zauna a jeri biyun. Ba mai goge mata kaka don a ji daɗin shan gahawa.

Jeri na biyu, ba mai karanta wa wani. Kowane gida ya tashi ya faɗi nasa da bakinsa, da adadin mutanen. Ita za ta fara.

A ƙara Fortuin a jeri na farko, ko da ba gidan da ya jefa masa takarda. Ta ce ita ta jefa.

Na tambaya game da Meneer Roskam. Ta ce yana da keke.

Na kai wa Dominee da ƙafata, ban yi waya ba. Matarsa ta buɗe ƙofa ta tsorata, ta ɗauka wani ne ya mutu.

Lahadi, 26 ga Yuni, ƙarfe 1:30 na rana

Ba ta zo ba, ta ce sai ran ɗaya. Dominee ya karanta sharuɗɗan daga bagade, ya kuma karanta layi huɗun nan nawa da aka yanke. Gida ɗaya cikin shidan sun fita kafin albarka. Bayan sujada na ga Dominee yana tambayar Merlien lambar gida. Ya zaro ajandarsa, ta dube shi, ya mayar aljihu.

Laraba, 29 ga Yuni, ƙarfe 6:20 na yamma

Na je fere rogon ran Juma'a, kilo goma sha biyu. A ƙofar ginin akwai baƙin keke mai jakar fata a baya, irin na Meneer Roskam. Irinsa sun kai dubu a Rotterdam. A sama na tarar da kwano biyu a wajen wanke-wanke. Na duba kwanukan, Tante ta duba ni, ta miƙo wuƙa.

Juma'a, 1 ga Yuli, ƙarfe 7:50 na yamma

An fara ƙarfe 11:04. Mutum 103. Cikin 31, 22 sun zo, matan da ɗaurin kallabi mai sitaci. Tara ba su zo ba, na san sunayensu.

Tante ta karanta jeri na farko, suna 20, a hankali, tana barin numfashi guda tsakanin kowane biyu. Fortuin ne na ƙarshe. Ba ta koma wurin zamanta ba. Ta juya takardar ta ce, "Dorothea Kembel, wadda uwarta ta kira Afiba. Kakata. Mutum uku. Biyu nata ne. Ɗaya na wasu ne, ta sayar da shi."

Sai gidaje suka fara tashi. Biyar suka tashi, na shida ba su zo ba, Dominee ya bar musu shiru na minti ɗaya bai karanta ba. Meneer Roskam ne na huɗu. Kakansa yana da kaso a wani gandu mai mutum 214. Ya faɗi sunan daidai, da ya zo kan adadin ya tsaya, ya sake farawa, ya faɗa. Da ya zauna ya daɗe da hankici a fuska. Yana fama da mura duk bazara, wannan ma gaskiya ne.

An ci heri heri a farfajiya, rogo da agada da dankali mai zaƙi da kifi mai gishiri da ƙwai. Merlien ta gaya wa kowa cewa ƙananan gutsattsarin rogon aikin Farfesa ne. Ba a yi rungume-rungume ba. Wasu sun zauna tebur ɗaya, wasu ba su zauna ba.

A tsakiyar wa'azi, minti na goma sha tara, hannu ya zo ta gefena da alawar minti. Ba ta dube ni ba. Da muka fito ta ce tunda ba ni da aiki, ga aiki: in nemo mata inda jikokin mutumin nan suke, in yana da su.

Abin da ban sani ba har yanzu:

Ko wuri ne ya ƙare a shafi na shida da gaske.

Abin da aka faɗa a cikin minti arba'in da ɗaya da na yi a baranda, da wanda ya ja kujera.

Keken wane ne, da wanda ya ci a kwano na biyu.

Ko taran nan za su dawo, da gida na shida.

Yadda Fortuin ya shigo hannun Afiba tun farko, da abin da yake a wurinta shekara takwas a gida ɗaya.

Ko ta raka shi bakin kogi. Ko Santje ta sani.

Ko shi ne Fortuin na 1863, da sunan da aka ba shi ranar 'yanci.

Ko yana da jikoki, ko suna Paramaribo, ko suna nan garin suna hawa tiram ɗin Merlien. Tante ta ce ranar da na samo adireshin, in sa takalmi mai daɗin tafiya, ba za mu rubuta musu wasiƙa ba.